Na sayi mota da araha a Landan, yanzu tara ce ke bi na har gida

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kano ne, ban jima da zuwa Ingila ba, ina zaune da iyalina a Barking, gabashin Landan. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. A yini sai in zaga gida shida ko bakwai, wani makon kuma a ba ni aikin kwana. Bas ba ta isar da ni a kan lokaci, shi ya sa na matsu in mallaki mota. Wani ɗan garinmu da ya daɗe a nan ya sayar mini da tasa, mai shan dizal, ƙirar 2013, a kan fam 2,200. Lafiyarta ƙalau, kuma ba ta da shan mai. Ban daɗe da fara hawa ba sai ga wasiƙu uku daga hukumar sufuri, kowacce tarar fam 180, wai na yi tuƙi a cikin ULEZ, wato yankin Landan da ake cajin motocin da hayaƙinsu ya wuce ƙa'ida, ban biya ba. Sai a lokacin na ji cewa duk ranar da na motsa motar nan sai na biya fam 12.50. Da na kira wanda ya sayar mini, cewa ya yi ai ya zaci na sani.

Yanzu kaina ya ɗaure. Wani abokin aiki ya ce in share wasiƙun, wani ya ce akwai abin da ake shafa wa lamba kyamara ta kasa karantawa, wani kuma ya ce in karɓi sabuwar mota bashi. Ni ina tunanin in aika wa ƙanena ita gida. Maiɗakina ta ce in rabu da ita kawai, don 'yarmu mai shekara bakwai tana da asma, kuma a ganinta saboda irinta aka yi dokar. Ni kuwa gani nake tatsar talaka ce kawai. Wa ke da gaskiya, kuma yaya zan yi da motar da mutumin nan?

Wani bawan Allah, Barking

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba yarinya lafiya, ya sa wa nemanka albarka. Ka jero tambayoyi da dama, amma ɗaya daga ciki ba ta jiran gobe, don haka da ita zan fara.

Ɗauko wasiƙun nan uku ka duba kwanan watan da ke jikinsu. Tarar fam 180 ce, amma idan aka biya cikin kwana 14 ana rage rabi, ta dawo fam 90. Ke nan ukun za su tsaya maka a fam 270 maimakon 540. Idan kuwa ka bi shawarar mai cewa ka share su, bayan kwana 28 kowacce za ta haura zuwa fam 270, ukun su zama fam 810, daga nan a miƙa maganar ga masu karɓar bashi, su kuma su ɗora nasu kuɗin a kai, su zo har ƙofar gidanka. Mutumin da ya ba ka wannan shawara ba zai tsaya tare da kai a bakin ƙofa ranar ba. Kana da ikon rubuta wa hukumar sufurin, wato TfL, ka bayyana yadda aka yi, kuma bayan wasiƙar an rubuta yadda ake yi. Sai dai ka sani "ban sani ba" ba ya cikin hujjojin da doka ta tilasta musu karɓa, alfarma ce idan sun ga dama. In za ka rubuta, rubuta yau, ka faɗi gaskiya a taƙaice, kada ka bari kwana 14 su wuce kana jiran tsammani.

Sannan ka shirya wa wasu wasiƙun, domin kyamara ta ga motarka a duk ranar da ka fita, ba a ranakun nan uku kawai ba. Ana iya biyan kuɗin rana har zuwa 12 na daren rana ta uku bayan tafiyar, saboda haka na kwanaki ukun da suka wuce ka biya su a daren nan kafin su rikiɗe su zama tara. Ka shiga shafin TfL na ainihi ka yi rajistar Auto Pay, kyauta ne, ka sa katin bankinka, su riƙa cira da kansu duk ranar da ka fita. Na ce na ainihi domin akwai shafukan 'yan damfara da ke fitowa a sama idan ka bincika a intanet, su karɓi kuɗinka su ƙara nasu, wani lokacin ma ba su biya hukumar ba, tara ta zo maka. Ka kuma tabbatar takardar mallakar motar, V5C, tana ɗauke da adireshin da kake zaune yanzu, don can ake aika duk wata wasiƙa.

Maganar shafa wa lamba wani abu kuwa, ka toshe kunnenka. Rashin biyan fam 12.50 bashi ne tsakaninka da hukuma. Taɓa lambar mota don ɓad da sawu laifi ne da 'yan sanda ke shiga ciki. Kai da ke zaune a kan biza, kake kuma aikin da sai an binciki tarihinka kafin a bar ka ka shiga ɗakin tsohuwa, ba ka da sararin wannan kasada ko kaɗan.

To, mu zo kan motar. Dokar ba ta duba kyan jiki ko lafiyar inji, abin da ke fita ta salansa take dubawa. Motar fetur tana tsira idan ta kai matakin Euro 4 a ma'aunin hayaƙin mota na Turai, wanda galibin waɗanda aka yi wa rajista daga 2006 sun kai. Ta dizal kuwa sai ta kai Euro 6, wato galibi daga Satumban 2015. Taka ta 2013 kusan tabbas Euro 5 ce, wadda aka yarje wa fitar da giram 0.18 na iskar guba ta NOx a kowace kilomita, alhali ULEZ ba ta lamunci fiye da 0.08 ba. Shi ya sa tsohuwar motar fetur ta 2008 da fentinta ya koɗe za ta wuce ƙarƙashin kyamara salin-alin, taka mai sheƙi kuma a caje ta. Duk da haka ka buɗe V5C ka duba adadin NOx da aka rubuta, ka kuma sa lambar a manhajar binciken TfL. Akan sami 'yan tsirarun motoci da suka kai matakin tun kafin a wajabta shi, kuma idan kamfanin da ya ƙera ya ba da takardar shaida, hukumar takan gyara bayananta. Ban sa rai taka na cikinsu ba, amma dubawar minti biyar ce.

Yanzu ɗauki biro. Idan kana fita kwana biyar a mako, fam 62.50 ke nan. A mako 48 na aiki, fam 3,000 cif, fiye da kuɗin motar kanta. Ban sa zuwa masallacin Juma'a a ranar hutu ba, ban sa cefane ba, ban sa kai yarinya asibiti ba. Aikin kwanan da ka ambata ma yana da nasa tarkon, domin ranar ULEZ daga 12 na dare take zuwa 12 na dare. Ka fita ƙarfe takwas na yamma ka dawo bakwai na safe, kwana biyu ka taɓa, fam 25. In ka yi dare huɗu a jere, kuɗin kwana biyar za ka biya. Ranar Kirsimeti ce kaɗai ba a caji a duk shekara, sai kuma ranar da motar ta wuni a ajiye ba ta motsa ba. Babu kuma wani lungu na Barking da za ka laɓe, domin tun 29 ga Agusta 2023 dokar ta game dukkan ƙananan hukumomin Landan, har filin jirgin Heathrow.

Da wannan lissafin, maiɗakinka ta yi gaskiya a kan motar. Ka rabu da ita.

A kan dokar kuwa, ba zan ce maka ba ka da hujja ba, don kana da ita. Kuɗin ɗaya ne a kan kowa. Mai albashin banki da mai wanke tsofaffi duk fam 12.50, sai dai shi na farkon ba ya ma biya, don ƙatuwar motarsa sabuwa ce. Wanda ya yi mil ɗaya da wanda ya wuni yana zagaye duk kuɗinsu ɗaya. Tsakiyar Landan cike take da jiragen ƙasa, amma unguwannin gefe irin taku an gina su ne a kan mota, kuma a nan ne masu aiki irin naka suka fi yawa. Akwai kuma wani tsohon ciwo da za ka ji Turawan unguwarku na ambata: daga 2001 gwamnatin Birtaniya da kanta ta sauya harajin mota ta yadda dizal ya fi sauƙi, don a lokacin hayaƙin da ke ɗumama duniya ake kallo. Mutane suka bi, suka sayi dizal. Sai a 2015 asirin kamfanin motoci na Volkswagen ya tonu, aka gane motocin dizal da yawa suna fitar da guba a kan titi fiye da abin da suke nunawa a ɗakin gwaji. Waɗanda suka ji maganar gwamnati su aka juya aka ce su biya. An yi shirin tallafi, ana ba mazaunin Landan har fam 2,000 ya miƙa tsohuwar motarsa a farfasa, amma an rufe shi a Satumban 2024. Kai da ka zo daga baya ka tarar da dokar, ba ka tarar da tallafin ba. Wannan rashin adalci ne, kuma ba sai an yi maka ado ba.

Inda na rabu da kai shi ne cewar da ka yi tatsa ce kawai. Wannan kalmar "kawai" ba ta zauna ba, kuma a gidanka ne ma ya fi wuya ta zauna. Akwai wata yarinya, Ella Adoo-Kissi-Debrah, da ta tashi a Lewisham a nan Landan, gidansu dab da babban titin South Circular. Asma ta riƙa kai ta asibiti ba ƙaƙƙautawa har ta rasu a Fabrairun 2013 tana da shekara tara. Mahaifiyarta ta yi shekaru tana fafutuka, har a Disambar 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya kashe ta. Ita ce mutum ta farko a Birtaniya da aka rubuta wa haka a takardar mutuwa. Ku kuma kuna zaune ne tsakanin A13 da North Circular, tituna biyu da manyan motoci ba sa ɗauke ƙafa a kansu dare da rana. Masana na jami'ar Imperial College sun ƙiyasta cewa a 2019 gurɓatar iska na da hannu a mutuwar kimanin mutum 4,000 a Landan. Wannan hayaƙin ba irin baƙin da ido ke gani ba ne, shi ya sa mutum kan dubi sararin Landan ya ce ina gurɓatar take. Kai kanka da ke wuni a cikin mota, hancinka daidai da salansar wanda ke gabanka, kana cikin masu shaƙa.

Ko dokar ta yi aiki? Ofishin magajin gari ya fitar da rahoto a Maris 2025 yana cewa iskar NO2, ɗaya daga cikin iskokin NOx ɗin nan, a bakin tituna ta yi ƙasa da kashi 27 cikin ɗari a kan yadda za ta kasance da ba a yi dokar ba, kuma kusan kashi 97 cikin ɗari na motocin da ke yawo sun cika sharaɗi. Mai doka ne ke yabon dokarsa, don haka a rage wani abu. Wasu masanan na Imperial ɗin dai, a 2021, sun duba makonnin farko bayan fara dokar a tsakiyar gari ranar 8 ga Afrilu 2019, suka ce abin da ita kaɗai ta rage bai kai kashi uku cikin ɗari ba, don iskar ta riga ta kama hanyar gyaruwa saboda sauya bas-bas da tsufan motoci. Abin da na ɗauka daga duka biyun shi ne iskar ta gyaru da gaske, dokar ta hanzarta abin, amma nauyin ya fi sauka a kan marasa ƙarfi. Kai da maiɗakinka kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiyar, nata gefen kuma shi ne wanda ke tashinku da tsakar dare neman abin shaƙa.

Kada kuma ka zauna jiran a soke. Boris Johnson ne ya fara tsara ta tun yana magajin gari, Sadiq Khan ya aiwatar ya faɗaɗa. Ƙananan hukumomi biyar sun kai ƙara babbar kotu a 2023 suka sha kaye. An farfasa kyamarori, an mayar da wasu. A zaɓen Mayun 2024 babbar abokiyar hamayyar Khan ta yi alkawarin soke faɗaɗawar, ta faɗi.

Sai abin da za ka hau. Masu ce maka ka karɓi sabuwa bashi sun ɗauka tsira daga ULEZ sai da sabuwar mota ko mai lantarki, kuma ba haka ba ne. Ƙaramar motar fetur ta tsakanin 2008 da 2014, irin su Yaris ko Jazz, ta wadatar, kuma kuɗinta ba zai yi nisa da abin da za ka samu a taka ba. Sabon zuwa da bankuna ba su san tarihinsa ba shi ake ɗora wa ruwa mafi tsada, ga kuma maganar riba da ka fi ni sanin matsayinta a wurinka. Ka sayar da dizal don gudun fam 12.50 ka ɗauko bashin shekara huɗu, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. In cikon ya gagara, adashi a tsakanin 'yan'uwa ko rance daga wanda ka yarda da shi ya fi. Za ka ji bambanci a gidan mai, don fetur ya fi saurin ƙonewa, wataƙila harajin shekara ma ya ɗan ɗaga, ka sa su a lissafi. Amma akwai abin da kowane bakanike zai gaya maka: aikinka na tashi nan ka tsaya can, minti goma-goma, ba aikin dizal ba ne tun asali. Matatar toka da ke cikin salansarsa tana buƙatar doguwar tafiya kafin ta ƙone abin da ta tara, in ba ta samu ba sai ta toshe, gyaranta kuma ba araha.

Kafin ka miƙa wa kowa ko fam ɗaya, tsaya a gaban motar ka sa lambarta a shafin TfL da wayarka, ka ga amsar da idonka. Ka duba tarihin MOT ɗinta, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, a shafin gwamnati, shi ma kyauta ne, da lamba kawai. Ka gaya wa kamfanin inshora cewa da motar kake zagayen aiki, domin inshorar zuwa aiki da dawowa ba ta rufe yawo tsakanin gidajen waɗanda kake kula da su. Ka kuma tambayi wurin aikinka abin da suke biya na mai, da ko za su ɗauki wani abu na ULEZ kafin ka sauya. In ba ka tambaya ba, ba mai tuna maka.

Motarka ta dizal kuwa a wajen Landan kasuwarta take, a garuruwa irin su Manchester ko Leeds da ba a cajin motar gida. Birmingham na karɓar fam 8 a rana a tsakiyar gari, Bristol fam 9, don haka can ma ba za ta yi daraja ba. Ka rubuta a tallan ƙarara cewa ba ta cika sharaɗin ULEZ ba. Na san wani zai ce ai hayaƙin kawai aka kwashe aka kai wa wasu, kuma haka ne, yana cikin aibin irin waɗannan dokoki. Abin ya ma wuce garuruwan Ingila: hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Da yawan waɗanda muke kira 'yan Kwatano hanyarsu ke nan.

Aika wa ƙanenka dai ka cire shi a ranka. Sitiyarin motar Ingila a dama yake, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma doka ta hana shigo da mota mai sitiyari a dama. Sai an juya shi, juyin kuma in bai yi kyau ba rai ake sawa a hatsari. Haɗa kuɗin jirgin ruwa da na kwastan da na juyi, za ka ga gara ka sayar a nan ka tura masa abin da ya sawwaƙa.

Game da yarinya, sauya mota ɗaya ba zai warkar da asma ba, kada a ɗora wa abin fatan da ba zai iya ɗauka ba. Ku riƙa kai ta duba na shekara-shekara wurin likitanku, makarantarta ta san halin da take ciki, kuma in da hali a bi da ita ta ƙananan layuka maimakon bakin babban titi. Akwai kuma wani hayaƙin da babu kyamarar da ke kama shi, a gaya wa uwargida cikin lalama: turaren wuta a ɗakin da aka rufe tagoginsa saboda sanyi, da girki a kan gas ba a buɗe taga ba, da danshin bango mai baƙin tabo. Ga ƙirjin mai asma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Saura ɗan garinku. Mutumin da ya daɗe a Landan, ya riƙe motar dizal ta 2013, ya san dalilin da ya sa yake son rabuwa da ita. "Na zaci ka sani" ba magana ba ce. Ya ɓoye aibi a ciniki, kuma addini da al'ada duk ba su yarda da haka ba. A dokar Ingila kuwa, cinikin mutum da mutum ba shi da kariya sosai. In ka tambaye shi ya ce maka ta cika sharaɗi, musamman in yana rubuce a saƙon waya, kana da abin riƙewa. In shiru kawai ya yi, kotu ba za ta tsinana maka abin kirki ba. Don haka ka nemi dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, ku je tare, da wasiƙun a hannu. Kada ka je neman ya amsa laifi, je da buƙata ƙwaya ɗaya: ko ya karɓi motarsa ya maido kuɗi, ko ya ɗauki tarar da aka yi kafin ka sani. Na fi sa ran zai yarda da ta biyun, ko da rabi ne. In ya ƙi, kada ka kai maganar zauren WhatsApp na 'yan gari kana cikin fushi. In wani sabon zuwa ya tambaye ka game da sayen mota a hannunsa, gaya masa abin da ya faru, ba ƙari ba ragi, ka kuma nuna masa inda ake sa lamba a duba.